Neman makirfo mai sauƙin kuɗi a Kano, daga situdiyon rediyo zuwa Sabon Gari

Ina gabatar da shirin noma da kiwo na mako-mako a ɗaya daga cikin gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano, irin filin nan da ake saya, a gefe kuma ina karanta tallan makarantu da na masu sayar da taki. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 tashoshi suka yi ta ƙaruwa a garin nan, har ta kai duk wanda ya samu mai ɗaukar nauyi zai iya sayen rabin awa ya yi shirinsa. Abin da ba a faɗa maka da wuri shi ne situdiyon ɗaukar murya ɗaya ne ko biyu, masu jiransa kuma da yawa. Sai ka baro gida da hantsi, ka tarar da 'yan siyasa sun riga ka, ka zauna a benci har azahar saboda aikin da bai fi minti ashirin ba. Wannan zaman bencin ne ya sa na yanke shawarar in riƙa ɗaukar muryata a gida, in kai musu a filash. Na rubuta wannan ne don wanda yake shirin yin haka, ko mai karanta littattafai a YouTube ne, ko mai talla, ko malamin da ke son karatunsa ya fita tas, kada ya sha zagayen da na sha.

Da kayan ƙanina na fara. Yana da makirfon nan mai ruwan gwal da ake kira BM-800, haɗe da ɗan akwatin V8 mai maɓallan tafi da dariya, wanda matasa ke amfani da shi a TikTok. A ido ya yi kama da na manyan situdiyo, har da ƙarfen rataya da soson rufe kai. Na ɗauki shiri guda da shi, na saurara a waya na ji ba laifi, na kai gidan rediyo. Ka'idarsu ita ce duk abin da aka ɗauko daga waje sai injiniyan sauti ya saurara kafin a sa shi a jadawali. Na jira shi har ya gama da labaran rana, ya zo ya sa filash ɗin, ya buɗe manyan lasifikokinsa. Bai yi minti ɗaya ba ya tsayar, ya juyo ya ce, "Malam, a bakin titi ka ɗauki wannan?" Ya mayar baya ya ƙara murya, sai ga fankar silin ɗina tana juyawa, ga hon ɗin a daidaita sahu, ga injin maƙwabcina yana gurnani a ƙasa, muryata kuma tana dawowa daga bango. Duk waɗannan a lasifikar waya ba sa fita, a nan kuwa kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Na ji nauyi ƙwarai, don akwai wasu mutum biyu a ɗakin suna jiran nasu aikin.

Allah ya sa dattijo ne mai haƙuri. Ya ce in dawo bayan la'asar lokacin da aiki ya lafa, kuma zaman da muka yi a ranar shi ne ya fi komai amfani a duk wannan nema. Ya ce makirfon da ake amfani da su a irin aikinmu gida biyu ne. Akwai kondensa, mai siririn faifai a ciki da ke motsi da 'yar iska kaɗan, shi ya sa yake kama komai, har shafar takarda da haɗiyar yawu. Yana buƙatar wuta ta musamman, volt 48, wadda miksa ko akwatin sauti ke tura masa ta cikin kebul mai haƙora uku da ake kira XLR. Akwai kuma dainamik, wanda ke aiki da naɗin waya da maganaɗisu, ba ya son wata wuta, kuma sai ka matso kusa da shi yake jinka sosai. Na ce to ke nan dainamik ba ya jin hayaniya. Ya girgiza kai ya ce ba wani makirfo da ya san bambancin muryarka da ta janareta. Sirrin yana wajen tazara: duk sanda ka ninka nisanka da makirfo, ƙarfin muryarka yana raguwa da kusan dB 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Dainamik an yi shi ne don a yi magana dab da shi, saboda haka muryarka take danne sauran. Ya nuna min wanda ke rataye a ɗakin watsa shiri, ya ce tashoshi da yawa a duniya da dainamik suke aiki, irin su Electro-Voice RE20 da ya fito tun 1968, da Shure SM7B. Da na tambayi kuɗinsu ya yi dariya, ya ce kowanne wajen dala ɗari huɗu ne ko fiye, kuma SM7B ɗin ma sai da na'urar da za ta iya ɗaga shi da kusan dB 60, in ba haka ba shiru za ka ji. "Kai dai ba wannan kake nema ba," in ji shi. "Ka nemi ƙaramin dainamik na ƙwarai, ka gyara ɗakinka."

A nan zan tsaya in ce wani abu game da kuɗi. Zan riƙa faɗin farashi da dala ne, ba don burga ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, farashin irin waɗannan kaya a naira ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. In na rubuta maka abin da na biya, kafin ka karanta ya zama tarihi. Farashin kamfani da dala kuwa bai cika motsi ba, kuma shi ne ma'aunin da za ka riƙe idan ka shiga kasuwa: ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara kuɗin jigila da kwastam da ribar mai shago, sai ka san inda ciniki ya kamata ya tsaya.

Duk da bayanin injiniya, zuciyata ba ta saki kondensa ba, don na saba jin yadda muryar mawaƙa ke fita da sheƙi. Sai na nufi Zoo Road wajen wani abokina da ke da ƙaramin situdiyon waƙa. Can ma sai da na jira ya gama da wata mawaƙiya da 'yan amshinta, magariba ta yi, muka yi salla, sannan ya shigar da ni ɗan ɗakin ɗaukar murya. Ɗaki ne da bai fi tsayuwar mutum biyu ba, bango duk soso, ƙofa biyu, ba taga. Ya sa ni gaban Audio-Technica AT2020, kondensa ne da kamfani ke sayarwa wajen dala ɗari, na karanta gabatarwar shirina. Gaskiya ban taɓa jin muryata da kyau haka ba. Na ce shi ke nan, wannan zan saya. Abokina ya ce kada in yi gaggawa, in ɗauke shi da akwatin sautinsa in je in gwada a gida zuwa gobe, ya kuma haɗa min da wani tsohon dainamik, Shure SM58, da duk fentinsa ya goge, wanda suke fita da shi wajen biki. Wannan aron shi ne ya raba gardama. A ɗakina, mai daɓen tayil da bangon siminti da taga a kan layi, AT2020 ya kwaso duk abin da BM-800 ya kwaso, sai dai ya kwaso su da tsabta: na ji kukan akuyar gidan baya kamar a gabana take. Tsohon SM58 kuwa, da na matso har tazarar yatsu huɗu, muryata ta cika, hayaniyar ta koma can ƙasa inda sai ka kasa kunne za ka ji. Ba ta kai ta Zoo Road sheƙi ba, amma irin wadda za a iya sakawa a rediyo ce.

Da wannan na shiga Sabon Gari, wajen masu kayan sauti, da niyyar sayen SM58. Samfuri ne da ya fito tun 1966, kuma kuɗinsa na kamfani wajen dala ɗari ne. Shagon farko aka miƙo min shi a kwali mai kyau, da jakarsa da takardunsa, aka faɗi kuɗin da bai kai rubu'in abin da na lissafa ba. Na ce, "Oga, orijina ne kuwa?" Ya ce ai duk wanda ke kasuwar nan haka yake. Na ɗaga shi na ji bai kai na abokina nauyi ba. Na roƙa a haɗa shi da lasifika, na ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa, sai ƙarar ta fito dum-dum, alhali na gaske yana da abin da ke tare girgizar hannu a ciki, ba ya yin haka sosai. Na ajiye na yi godiya. A wani shagon, wani Alhaji ya fito min a mutum. Ya ce, "Malam, kala biyu gare ni. Ga na masallaci da wajen biki, ga kuma wanda sai an yi oda. Wanne kake so?" Na ji daɗin wannan gaskiyar, kuma ban raina na farkon ba, don in sanarwar ɗaurin aure za a yi ya wadatar. Sai dai SM58 na daga cikin makirfon da aka fi yi wa jabu a duniya, kuma mai kallon kwali kawai ba zai gane ba.

A shagon Alhajin ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun a gida. Makirfo mai XLR ba ya shiga kwamfuta kai tsaye, sai da akwatin sauti a tsakani, wanda 'yan kasuwa ke kira sawun kad. Focusrite Scarlett Solo ya haura dala ɗari, ƙananan na Behringer irin su UM2 da UMC22 sun fi sauƙi sosai. Ga kebul, ga ƙarfen tsayarwa, ga hedifon mai rufe kunne. Ashe in na sayi SM58 na gaske, kuɗin makirfon rabin tafiya ne kawai. Na kira injiniya daga nan na karanta masa lissafin. Ya ba ni hanya biyu. Ko in ɗauki Behringer XM8500, dainamik ne da kuɗinsa bai wuce dala ashirin da 'yan kai ba kuma yana aiki fiye da farashinsa, in haɗa da ƙaramin akwatin sauti. Ko kuma in nemi Samson Q2U, wanda a lokacin yake wajen dala sittin zuwa saba'in, dainamik ne shi ma, amma yana da ƙofa biyu a gindinsa, ta USB da ta XLR, ga kuma ramin hedifon a jikinsa. Ma'ana yau zan iya cusa shi a kwamfuta in fara aiki ba tare da akwatin sauti ba, gobe in na samu hali na sayi miksa, ba sai na canza makirfo ba. Ya ambaci Rode PodMic ma, mai kusan dala ɗari, amma na asalin XLR kaɗai gare shi, lissafin ya koma gidan jiya. Na zaɓi Q2U.

Samunsa kuma wani aiki ne. Na zagaya shagunan da na sani ban same shi a ƙasa ba, kowa sai ya ce zai sa a kawo daga Alaba a Legas. A intanet na gan shi da farashi iri-iri, wasu har da rahusar da ke sa mutum zargi, kuma in kaya ya zo ba daidai ba, mayar da shi daga Kano wahala ce. Na koma wajen Alhajin muka yi yarjejeniya: zan ba da rabin kuɗi, ya rubuta min rasit mai ɗauke da sunan shago da cikakken sunan samfurin, ba "makirfo ɗaya" kawai ba, da sharaɗin cewa sai na gwada a gabansa zan cika, in bai yi ba ya mayar min da kuɗina. Ya ɗan ɓata rai da maganar rubutawa, ya ce ai mu Musulmi ne. Na ce, "Haka ne Alhaji, Alkur'ani ma cewa ya yi a rubuta." Ya yi dariya ya ɗauko biro. An ce min kwana kaɗan, amma sai da mako ya zagayo har ya gota, kullum in na kira sai a ce motar wayabil tana hanya. A wannan tsakanin na ci gaba da zaman benci a gidan rediyo, raina yana ɗan ɗar-ɗar da rabin kuɗin da na bayar.

Ranar da kaya ya iso na tafi da kwamfutata da hedifon ɗina. Na buɗe kwalin a gabansa, na duba abin da ya kamata ya kasance a ciki: makirfon, kebul na USB, kebul na XLR, 'yar ƙafa mai uku ta kan tebur, da soson baki. Na cusa shi a kwamfuta, ta gane shi da sunansa ba tare da an saka wata manhaja ba. Na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti wadda kyauta ce, na ɗauki magana a tsakiyar hayaniyar kasuwa, na saurara. Sannan na sa yaron shago ya haɗa shi da miksa ta ƙofar XLR don in tabbatar ita ma tana aiki, tunda ranar da zan buƙace ta wataƙila an manta da ni. Na motsa kebul ɗin a gindinsa in ji ko zai yi ƙara. Sai da na gamsu na tura sauran kuɗin, ya rubuta a bayan rasit ɗin cewa an biya duka, na ɗauki hotonsa a waya. Na ƙara da sayen ƙarfen da ake maƙalawa a gefen tebur, don 'yar ƙafar da ta zo da shi gajera ce, sai ka sunkuya, kuma duk taɓa tebur da za ka yi yana shiga.

Na ɗauka an gama, ashe saura na gida. Daren farko na ji wani siririn zuuu a ƙarƙashin muryata, wanda babu shi a kasuwa. Na canza ramin USB, na kashe fitila, yana nan. Da na zare cajar kwamfuta daga bango sai ya ɗauke ɗif. Injiniya ya ce sananniyar matsala ce, wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce ke shiga ta caja, musamman a gidan da ba a yi wa wayar ƙasa ba ko in ana kan janareta. Maganin da bai ci ko kwabo ba shi ne in cika batir kafin lokaci, in ɗauki shiri a kansa. Sai batun ɗaki. Soson situdiyo tsada gare shi, kuma kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ba ya hana komai shigowa. Abin da na yi shi ne na shimfiɗa darduma mai kauri, na rataya bargo a bangon da ke bayana, na jingina tsohuwar katifa a kusurwa, na sa labule mai nauyi a taga. Shi makirfon ta gaba yake ji, bayansa ne kurma, don haka na juya teburin yadda gindinsa zai kalli taga, ni kuma ina fuskantarta. Fanka dole a kashe. A watan Afrilu a Kano wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, shi ya sa na koma ɗaukar shiri bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi, masu inji ba su tayar ba, lasifikar masallaci kuma ta yi shiru.

Akwai abin da mu masu magana da Hausa ya kamata mu kula da shi. Yadda muke furta "f" da leɓɓa biyu, iska ce muke hurawa kai tsaye, ga "ƙ" da "ts" da ke fita da ɗan bugu. In ka sa baki saitin makirfo ka ce "fili" ko "ƙasa" ko "tsaba", sai ka ga layin sauti ya yi tsalle. A shirin noma kuwa kalmomin nan ba sa ƙarewa. Na sa soson bakin, na karkatar da makirfon zuwa gefen leɓe maimakon tsakiya, na tsaya a tazarar yatsu huɗu. In ka matso fiye da haka muryar tana yin kauri, wasu suna son hakan don ta yi kama da ta masu karanta labarai, amma in ya yi yawa kalmomi suna cakuɗewa a ƙaramar rediyon da manomi ke rataye da ita a gona, kuma shi nake yi wa shirin.

Da na koma da sabon filash, injiniya ya saurara har ƙarshen gabatarwa bai tsayar ba. Gyara biyu ya ba ni. Na farko in rage ƙarfin shigar murya, kada ƙololuwarta ta wuce tsakanin -12 da -6 a ma'aunin Audacity, don abin da ya fashe ba ya gyaruwa, wanda ya yi ƙasa kuwa ana iya ɗaga shi. Na biyu in daina kawo masa MP3 da aka turo ta WhatsApp, in ajiye a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, 48 kHz, layi ɗaya. Ya kuma ce in riƙa barin 'yan daƙiƙoƙi na shiru a farkon kowace ɗauka, da su manhaja ke gane hayaniyar ɗaki ta rage ta, amma kada in matsa wa wannan maɓallin, in ba haka ba murya ta koma kamar daga cikin ruwa ake magana. Ya sa hannu a takardar jadawali, shirin ya fita a makon.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya fara da sauraron ɗakinsa kafin ya kalli kowane kwali. Ya zauna shiru a lokacin da yake son yin aiki, ya ƙirga abin da yake ji. In ɗakin a killace yake, ba titi, ba inji, kondensa irin AT2020 zai ba shi abin da dainamik mai araha ba zai ba shi ba, sai dai ya riƙa rufe shi a jaka, don ƙurar hunturu da danshin damina ba sa yi masa daɗi. In kuwa irin ɗakina ne, wanda shi ne na yawancinmu, ƙaramin dainamik ya fi masa. Ya nemi aro ya gwada a gida ko da na dare ɗaya ne, ya saurara da hedifon ko lasifikar kirki, ba da waya ba. Ya haɗa kuɗin kebul da ƙarfe da akwatin sauti a lissafi tun farko. Kuma in gidan rediyo zai kai aikin, ya je ya gaida injiniyansu kafin ya shiga kasuwa, ya tambaye shi irin fayil ɗin da suke karɓa, don kowace tasha da nata tsarin. BM-800 ɗin na mayar wa ƙanina, yana nan yana ta tafi da dariya da shi a TikTok, can kuwa ba wanda ya taɓa yi masa ƙorafin fanka.